Haya ko Saye? Lissafin Motar Tafi-da-Gidanka Ga Mai Shirin Doguwar Tafiya a Amurka

Duk wanda ke yawan zagaya TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: matashi ya buɗe ƙofar bayan mota da sassafe, ga gado a ciki, ga shayi a kan murhu, ga kwamfuta a kan ɗan teburi, a waje kuma tsauni ne ko bakin teku. Irin wannan mota ita Amurkawa ke kira RV. A Hausance za a iya ce mata motar tafi-da-gidanka, domin ɗaki ne da kicin da banɗaki aka ɗora a kan taya. Abin da masu bidiyon ba su cika nunawa ba shi ne rasit.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a Amurka, ya tara 'yan kuɗinsa yana son ya zaga ƙasar da iyali ko abokai, tambayar farko da zai fuskanta ita ce: ya yi hayar motar ne, ko ya saya? A kan wannan tambaya mutane ke tafka asarar dubban daloli tun kafin su tayar da inji. Dalili kuwa shi ne kowa na kallon lamba ɗaya ce kawai. Mai son haya na kallon kuɗin kwana da aka rubuta a talla, mai son saye na kallon abin da zai riƙa biya a wata. Lambar da ke yanke hukunci daban take: nawa ne kowane dare zai ci idan aka tattara komai, aka raba da yawan dararen da za a kwana a motar da gaske.

Don lissafin ya fito fili, za a yi misali da sananniyar hanyar nan ta Route 66, wadda aka buɗe a 1926. Ta tashi daga Shikago ta ƙare a Santa Monika da ke bakin teku a Kalifoniya, ta ratsa jihohi takwas, tsawonta kimanin kilomita 3,940. Kusan tafiyar Kano zuwa Legas sau huɗu ke nan.

Wace irin mota ake magana a kai?

Motocin masu injin kansu rukuni uku ne. Rukunin A su ne manya, masu siffar doguwar bas ta safara, wasunsu har da injin wanki a ciki. Rukunin B su ne ƙanana, girmansu bai fi na bas ɗin Homa da yawa ba, ana gina su a kan motoci irin Mercedes Sprinter da Ford Transit da Ram ProMaster. Su aka fi gani a bidiyon matasa. Rukunin C na tsakiya ne, ana gane su da wani ƙullutu da ya leƙo a saman kan direba, wanda gado ne a ciki. Su kamfanonin haya suka fi ajiyewa, saboda suna ɗaukar mutum biyar ko shida. Bayan waɗannan akwai masu siffar tirela da ba su da inji, sai an ja su da babbar a-kori-kura.

A yawancin jihohin Amurka lasisin tuƙi na kowa da kowa ya isa, muddin nauyin motar bai haura fam 26,000 ba, wato kimanin kilo 11,800. Wannan sauƙi ne, kuma tarko ne, domin wanda bai taɓa tuƙa abin da ya fi Corolla ba zai iya karɓar makullin mota mai tsawon mita takwas ya hau titi a ranar.

Mafi yawan waɗannan motoci ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana, inda manyan kamfanoni irin Thor Industries da Forest River ke da masana'antu. A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, masana'antun sun fitar da motoci sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan 313,000. Waɗanda suka saya da tsada a lokacin rububi, da suka zo sayarwa sun tarar da kasuwa ta cika da irin kayansu.

Abin da haya ke ci

Hanyoyin haya biyu ne. Akwai kamfanoni masu motocinsu, irin Cruise America da aka kafa tun 1972 da kuma El Monte RV. Akwai kuma manhajoji irin Outdoorsy da RVshare, waɗanda ke haɗa mai mota da mai neman haya, kamar yadda Airbnb ke yi da gidaje. A manhaja ana samun motoci iri-iri da hotuna da sharhin waɗanda suka taɓa haya, amma yawancin masu motar suna son a dawo musu da ita inda aka ɗauka. Wanda zai ɗauka a Shikago ya ajiye a Kalifoniya, kamfani mai rassa ya fi dacewa da shi. Shekaru ma ana dubawa: wasu na karɓar ɗan shekara 21, wasu sai 25.

Farashi na sauyawa da lokaci da gari, saboda haka alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, mai karatu zai iya cire su ya sa na ranar da yake lissafi. A ɗauka tafiyar kwana 21 ce a motar rukunin C, kuma da ratse zuwa wurare irin Grand Canyon za a ci mil 3,000, wato kimanin kilomita 4,830.

- Kuɗin kwana: dala 180 sau 21, dala 3,780.
- Kuɗin nisa: santi 40 a kowane mil, dala 1,200.
- Inshora: dala 30 a rana, dala 630.
- Ladan ajiye mota a wani gari daban: dala 600.
- Janareta: awa 40 a kan dala 3.5, dala 140.
- Kayan kicin da na shimfiɗa da shara: dala 250.

Jimilla dala 6,600, ban da haraji. Idan aka raba da 21, kowane dare ya tashi a kan dala 314. Tallar ta ce 180 ne, kuma ba ƙarya ta yi ba, sauran na cikin ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi. Wanda zai kwatanta kamfani da kamfani, sai ya bi manhajar har shafin ƙarshe na biya, ya ga jimillar, kafin ya yanke shawara.

Akwai kuma kuɗin ajiya da ake riƙewa a katin banki har sai an dawo da mota lafiya. Ba asara ba ne, amma kuɗi ne da mutum ba zai iya taɓawa ba tsawon tafiyar.

Wata ƙofa ta rage tsada ita ce mayar wa kamfani motarsa. Idan motoci suka taru a wani gari alhali ana buƙatarsu a wani, kamfani kan bayar da su kusan kyauta ga wanda zai kai. Shafin Imoova ya shahara da irin wannan, har da na dala ɗaya a rana. Sharaɗin shi ne kwanakin ƙayyadaddu ne, kamfani ne kuma ke zaɓar inda za a tashi da inda za a sauka. Ya dace da wanda lokacinsa ke hannunsa, bai dace da mai son tsayawa kwana uku a kowane gari ba.

Man fetur da kuɗin zango ba a sa su a lissafin ba, domin ko haya aka yi ko saye sai an biya su. Amma ya kamata a san girmansu. Motar rukunin C na cin kimanin galan ɗaya a mil 10, wato lita ɗaya a kilomita huɗu da ɗan ɗoriya. Mil 3,000 zai sha galan 300, lita 1,100 da wani abu.

Abin da saye ke ci

Wanda ya sayi mota don tafiya ɗaya ya sayar bayan ya dawo, kuɗin da ya kashe ba farashin motar ba ne, tunda mafi yawansa zai dawo masa. Abin da ya kashe shi ne giɓin da ke tsakanin saye da sayarwa, da duk abin da ya zuba a tsakani.

A ɗauki ta hannu, rukunin C, a kan dala 40,000. Harajin saye da rajista, a ce kashi 7 cikin ɗari, dala 2,800. Wannan ba ya dawowa, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha: a Kalifoniya mafi ƙarancinsa kashi 7.25 ne, jihohi irin Montana da Oregon kuwa ba su da harajin saye na gama-gari. Ladan ƙwararren da zai binciki motar, dala 700. Inshorar wata shida, 900. Sababbin tayoyi shida, 1,500. Gyare-gyaren da ba a rasawa, 1,500. Idan aka sayar da ita dala 35,000, an bar 5,000. Jimilla dala 12,400. A tafiyar kwana 21, kowane dare ya tashi a kan dala 590, kusan ninki biyu na haya.

Sannan akwai abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. Neman mota mai kyau na iya cin makonni. Rajista da inshora na buƙatar adireshi a wata jiha, abin da ke yi wa baƙo wahala. Sayarwa kuma ba ta faruwa ranar da mutum ya so. Wanda hutunsa ya ƙare, dole ya koma aiki ranar Litinin, dillali na ganinsa ya san a matse yake, kuma farashin matsattse zai ba shi.

Sabuwa fil kuma labarinta ya fi nauyi. A ce farashinta dala 100,000, mutum ya biya 20,000 ya ci bashin 80,000 na shekara 15 a kan ruwan kashi 8 cikin ɗari. Zai riƙa biyan kimanin dala 765 a wata, lambar da ke da daɗin ji a bakin mai talla. Idan aka tara ta har ƙarshe, kuɗin ruwa kaɗai ya kai kusan dala 57,600, fiye da rabin farashin motar. Irin wannan bashi mai tsawo ba baƙon abu ba ne a wannan kasuwa, har na shekara 20 ana bayarwa.

A shekarar farko, idan darajar motar ta faɗi da kashi 20 cikin ɗari, an yi asarar dala 20,000. A ƙara kuɗin ruwan shekarar, kimanin 6,300, inshora 1,500, gyara 1,000, da kuɗin wurin ajiya 1,200, domin unguwanni da yawa a Amurka ba sa yarda a girke irin wannan mota a ƙofar gida. Ya kama dala 30,000. Binciken da ƙungiyar masu ƙera motocin, RVIA, ta fitar a 2021 ya nuna gidaje miliyan 11.2 ne ke da irin motar a Amurka, kuma matsakaicin amfani da ita bai wuce kwana 20 a shekara ba. Dala 30,000 a raba da 20, kowane dare dala 1,500 ke nan, kuɗin da zai kama ɗaki a otal ɗin da ya fi kowanne tsada a yawancin biranen duniya. Sauran kwana 345 motar na girke, rana na dukan rufinta, darajarta na raguwa.

Inda lissafin ke juyawa

Bambancin hanyoyin biyu shi ne kuɗin haya na ƙaruwa da kowane dare, kuɗin saye kuwa mafi yawansa a tsaye yake, ko an kwana sau 10 ko sau 100. Don haka akwai wata rana da layukan biyu ke haɗuwa.

Ana iya gano ranar a waya cikin minti biyar da Google Sheets. A layi na farko a rubuta farashin saye, a cire farashin da ake sa ran sayarwa, a ƙara haraji da inshora da gyara da ajiya. A layi na biyu a rubuta cikakken kuɗin haya na dare ɗaya, wanda ya haɗa da nisa da inshora. A raba na farko da na biyu. A misalin da ya gabata, 12,400 a raba da 300 ya ba da kwana 41. Tunda masu bayar da haya kan yi rangwame ga mai ɗauka na wata guda ko fiye, ranar kan matsa gaba zuwa wajen wata biyu.

Ma'ana, tafiyar mako biyu ko uku ko wata ɗaya, haya ta fi araha nesa ba kusa ba. Daga wata biyu zuwa uku, abin ya zama kunnen doki, kuma lalacewar inji sau ɗaya ta isa ta karkatar da shi. Tafiyar wata shida kuwa, ko da an samu haya a kan dala 200 a dare, kwana 180 zai ci dala 36,000, alhali mai ta hannu, ko an ƙara masa gyara da faɗuwar daraja, da wuya ya kai rabin haka.

Lamba mafi haɗari a teburin ita ce farashin sayarwa, domin ita kaɗai ce mutum ke cikewa da fata. Dabara mai kyau ita ce a yi lissafin sau biyu, na biyun a rage farashin sayarwa da wasu dala 5,000. Idan har yanzu saye ne ya yi nasara, to shawarar na da ƙafa. Lokaci ma na da tasiri: kasuwar motocin na zafi a farkon lokacin ɗumi, tana sanyi idan hunturu ya gabato. Wanda ya saya a watan Mayu ya zo sayarwa a Nuwamba ya sayi tsada ya sayar da araha.

Wasu na cewa za su saya su riƙa bayarwa haya a Outdoorsy ko RVshare don motar ta biya kanta. Ana yin hakan, amma sana'a ce mai zaman kanta. Manhajar na cire la'adarta, inshorar mutum ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar da ta faru a hannun ɗan haya, kuma makonnin da ake rububin haya su ne dai makonnin hutu da mai motar ya so ya yi tafiya da ita.

Wuta, ruwa da intanet

A nan ne mai saye ke da abin da mai haya ba shi da shi, kuma duk wanda ya taɓa haɗa sola da infata a gida zai gane batun nan take. Motar na da wuta iri biyu. Akwai ta batir mai bolt 12, wadda ke kunna fitilu da famfon ruwa da cajin waya. Akwai kuma ta bolt 120, irin ta gidajen Amurka, wadda na'urar sanyaya ɗaki ke buƙata. Ita wannan tana zuwa ne daga janareta ko daga soket ɗin zango. Soket mai amp 30 na bayar da wat 3,600, mai amp 50 na kaiwa wat 12,000. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka kan soket kawai za a canza musu.

Batirin litiyam mai 100Ah na riƙe da kimanin wat-awa 1,280. Na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi na jan wajen wat 1,300 zuwa 1,500. Batir ɗaya ba zai riƙe ta awa guda cikakkiya ba. Wanda zai ratsa hamadar Mojave ta garin Needles a watan Yuli, inda zafi ke haura digiri 45, ko dai ya biya zango mai wuta ko ya ƙona mai a janareta, wanda a motar haya ana ƙirga masa awa-awa.

Mai mota na iya shimfiɗa faifan sola a rufi, ya ƙara batura, ya girma tankin ruwa. Amfanin hakan shi ne ya samu damar kwana a filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su a yammacin ƙasar, inda a wurare da yawa ake zama kyauta har kwana 14. A tafiyar watanni, kauce wa kuɗin zango na tara kuɗi mai yawa. Mai haya kuwa ba shi da ikon huda rufin motar wani. Abin da zai iya shi ne ya tafi da babban batir na hannu da faifan sola mai naɗewa.

Intanet ya fi sauƙi, domin ba sai an mallaki mota ba. Sabis ɗin waya na ɗaukewa a wurare da dama na hamada da tsaunuka. A 2022 Starlink ya fito da tsari na musamman don masu irin waɗannan motoci, wanda daga baya aka sa wa suna Roam, a 2024 kuma ya fito da Starlink Mini da ke shiga jakar goyo. Shi ne dai Starlink ɗin da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Ga mai aiki ta intanet, irin masu rubuta manhaja da masu haɗa bidiyo, wannan ne ya sa zama a mota na watanni ya zama abu mai yiwuwa, kuma irinsu ne lissafin saye ya fi yi wa daɗi.

Ruwa kuma tanki uku ne: na ruwa mai tsafta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Na ƙarshen sai an je wurin da aka tanada an juye shi da tiyo duk bayan 'yan kwanaki. Wannan aiki na kan kowa, mai haya da mai saye. Mai haya da ya dawo da mota bai juye ba, za a cire masa tara daga kuɗin ajiyarsa. Manhajoji irin iOverlander da Campendium na nuna wuraren juyewa da na kwana, GasBuddy na nuna gidan mai mafi araha a kusa, zangon gwamnati kuma ana kama shi ta Recreation.gov, wasu tun wata shida kafin ranar.

Tarkon kowane ɓangare

Babban tarkon mai haya shi ne tsayin mota. Rukunin C na kai mita uku da rabi, kuma Google Maps ba ya tambayar tsayin abin da mutum ke tuƙawa. Akwai wata gadar jirgin ƙasa a garin Durham na jihar Karolina ta Arewa, mai tsayin ƙafa 11 da inci 8, da ta yi suna a YouTube saboda yawan rufin motocin da ta yanke, har aka ɗaga ta da inci 8 a 2019. Wasu yarjejeniyoyin haya sun cire ɓarnar rufi daga abin da inshora ke biya. Manhajar taswira irin RV Life, wadda ake shigar mata da tsayi da nauyin mota, na kauce wa irin waɗannan gadoji. A kan Route 66 kanta, yankin da ya hau tsauni zuwa garin Oatman a Arizona siriri ne mai kwana-kwana, ba wurin koyon tuƙin babbar mota ba ne.

Kafin a bar harabar kamfani, a ɗauki bidiyon motar ciki da waje da waya, har da rufi da gilashi da mitar nisa da ta janareta. A karanta wuraren da aka hana shiga, domin wasu kamfanoni ba sa yarda a kai motarsu hanyar da ba kwalta, ko Death Valley a tsakiyar zafi.

Tarkon mai saye kuwa ruwa ne. Jikin ɗakin katako ne da soso da siririn bango, kuma yana girgiza a kan titi dubban kilomita. Da zarar likin rufi ya tsage, ruwan sama zai riƙa shiga a ɓoye har katakon ya ruɓe. Alamominsa su ne warin danshi, tabo a silin, ƙasa mai lotsawa idan an taka, da bangon waje da ya kumbura. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar ita ce a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya. Shi ya sa ladan mai bincike ba wurin tsimi ba ne.

Taya ma na yaudara. Motar da ke yini a girke tayarta ba ta cinyewa, amma robar na tsufa. A gefen kowace taya akwai lamba da ta fara da DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida ko bakwai, a sa kuɗin canza ta a lissafi ko da tana sheƙi.

Sai 'yan damfara. A Facebook Marketplace da Craigslist ana samun tallar mota mai kyau a farashin da ya yi araha fiye da kima, mai ita ya ce yana wata jiha, a tura kafin-alƙalami zai aiko da ita. Sayen kifi a ruwa ke nan. Kada a tura ko sisi sai an ga mota da ido, an gwada lambar jikinta mai alƙaluma 17 da wadda ke takardar mallaka, an kuma tabbatar babu bashin banki a kanta.

Akwai bambanci ɗaya da ba ya fitowa a tebur. Idan motar haya ta lalace a tsakiyar Niyu Meziko, lambar kamfani za a kira, matsalar tasu ce. Idan ta mutum ce, motarsa da ɗakin kwanansa ne suka shiga gareji tare, zai biya gyara ya biya otal, wani lokaci ya jira kayan gyara na makonni.

Wa ya kamata ya yi me?

Wanda tafiyarsa ba ta wuce wata ɗaya ba, ko bai taɓa kwana a irin motar ba, ko zai ɗauka a wani gari ya ajiye a wani, haya ce tasa. Ko da ta yi tsada a ido, iyakar asararsa a rubuce take tun kafin ya tashi.

Wanda zai yi wata uku zuwa sama, yana da adireshi a ƙasar, yana da kuɗin saye a hannu ba bashi ba, ya iya riƙe sifana da mitar gwada wuta, kuma ba a matse yake ba wajen sayarwa, ta hannu mai shekaru za ta fi masa. Ya ware wasu dubban daloli a gefe don gyaran da bai zata ba.

Sabuwa kuwa sai ga wanda zai riƙe ta shekaru masu yawa yana fita da ita makonni a kowace shekara, ko wanda zai mayar da ita gidansa baki ɗaya.

Ko wanda ya riga ya ƙudura saye, zai kyautu ya fara hayar irin motar da yake so na kwana uku ko huɗu. A nan zai san ko gadon ya ishe shi tsawo, ko zai iya komawa da baya a cikin zango mai cunkoso, ko iyalinsa za su jure zama a ɗaki ɗaya idan ruwan sama ya yini yana zuba, ko zai iya juye tankin banɗaki ba tare da ya yi da-na-sani ba. Gwajin ba zai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, kuma bayansa ne zai iya cike layin yawan kwanaki a teburinsa da lambar gaskiya.